Lacca: yadda ake saka alamomin SVG a samfurin shafin yanar gizo

Assalamu alaikum. To jama'a, na ga wasu sun riga sun buɗe kwamfutocinsu. Madalla, domin yau sai an taɓa da hannu. Maganarmu a kan 'yan alamomin nan ne da ke cike da manhajojin yanar gizo, irin su gilashin bincike, kwandon shara da ƙararrawa, da yadda ake saka su a samfurin shafi, wato fayil ɗin da manhajojin gina shafuka irin su Django ko Laravel ke cikewa da bayanai kafin a tura wa burauza.

Kowa ya ɗauko fayil ɗin SVG guda, wato nau'in hoton da ake zana alamomin nan da shi, amma ya buɗe shi inda yake rubuta kod. Me kuka gani? Rubutu ne zalla. Ga nawa a allo: layin farko ya ce a zana da'ira, tsakiyarta a 10 da 10, na biyu ya ce a ja sanda daga gefenta zuwa 21 da 21. Gilashin bincike ke nan ya kammala. Hoto irin na PNG ɗigo-ɗigon launi yake ajiyewa, shi ya sa in an faɗaɗa shi sai ya dushe. Shi kuwa SVG umarni ne, burauza ce ke yin zanen daidai da girman da aka nema. Ku riƙe wannan, don duk abin da zan faɗa daga nan ya taso: alamar nan kod ce, kuma abin da ke samun kod yana samunta.

Hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da SVG tun 2001, amma burauzar Internet Explorer ba ta karɓe shi ba sai a sigarta ta 9, a 2011. A zamanin nan ne aka rungumi dabarar cusa alamomi cikin font, wato fayil ɗin salon haruffa, har Font Awesome ya fito a 2012 ya yi tashe. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago: in font ɗin bai sauka ba, sai mutum ya ga ɗan akwati fanko a inda alama take. GitHub ma a 2016 ya bar wannan hanya ya koma SVG.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kira fayil ɗin da img, kamar kowane hoto. Tana aiki, amma CSS ɗin shafinka, wato kod ɗin launi da fasali, ba ya iya shiga ciki. Ka ce maɓalli ya koma ja in an ɗora linzami a kansa, rubutun zai koma, alamar tana nan baƙa ƙirin. Don tambarin kamfani babu laifi. Don alamomin maɓalli kuwa, ni ban ba da shawara ba.

Abin da na fi so shi ne kod ɗin ya shiga cikin HTML kai tsaye. Ba wai ka riƙa kwafe shi kana mannawa a shafi ashirin ba, a'a. Kowace alama ta zauna a fayil ɗinta, samfuri ya kira ta da suna, da include a Django, ko ka mai da ita ɗan ɓangare na Blade, tsarin samfurin Laravel. Ranar da aka sauya zane, wuri ɗaya za ka taɓa.

Kafin ka ajiye fayil ɗin, akwai gyara. Manhajojin zane irin su Inkscape da Illustrator sukan bar tarkacen bayanai a ciki, ka wuce da shi ta manhajar SVGO ta share. Amma ka sa ido kada viewBox ya salwanta wajen sharar. Lambobi huɗun nan, misali 0 0 24 24, su ne ke gaya wa burauza faɗin filin da aka yi zanen. In babu su, ka rage girma, maimakon alamar ta ƙanƙance sai a datse mata gefe. Alamomin da ke cikin tarin Feather a filin 24 aka zana su, na Bootstrap Icons a 16, don haka in ka gauraya su kaurin layukan ba zai zo ɗaya ba, kuma ido yana kama wannan tun kafin mai shi ya san me ya dame shi. Sannan duk inda ka ga an kafe launi a fill ko stroke, ka goge ka rubuta currentColor. Daga nan alamar za ta bi launin rubutun da ke kusa da ita, ko da an juya shafin zuwa yanayin duhu.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Wani zai ɗauko kod ɗin daga rumbun bayanai ya miƙa wa samfuri, sai ya ga Django ya baje masa rubutun a fili, babu zane. Kariya ce aka yi da gangan. Sai ya yi sauri ya liƙa umarnin "safe" da ke ɗauke kariyar, zane ya fito, ya yi murna. To SVG yana iya ɗauke da JavaScript, kuma in ya shiga HTML kai tsaye burauza za ta gudanar da shi. In kai ka duba fayil ɗin da idonka, babu damuwa. In kuwa wani ne daga waje ya ɗora shi, ka ba shi dama ya yi aiki da sunan duk wanda ya buɗe shafin. Irin wannan sai ta img, inda ba a barin kod ɗinsa ya motsa.

Kada kuma a manta da makafi masu sauraron shafi ta manhajar karanta allo. In alamar ado ce kusa da kalmar "Goge", ka sa mata aria-hidden don a tsallake ta. In ita kaɗai ce a maɓallin, ka ba maɓallin aria-label, wato sunan da manhajar za ta karanta, in ba haka ba abin da za a ji kawai shi ne "maɓalli".

Na'am, 'yar'uwa a baya tana tambaya: in tebur yana da layi 200, kowanne da kwandon shara, shafin ba zai yi nauyi ba? Tambaya mai kyau. A nan sai a tara alamomin a fayil guda, kowacce cikin symbol da sunanta, a riƙa kiranta da use, burauza ta sauke fayil ɗin sau ɗaya ta ajiye. Sharaɗin shi ne ya fito daga adireshi ɗaya da shafin, in daga wani adireshi ne daban burauza za ta ƙi. Bismillah, kowa ya gwada da alama uku, zan zagayo in duba.