Amsoshin Tambayoyinku: Sauya Jinsi da Ɗan Daudu a Ƙagaggun Labarai

Masu sauraro, assalamu alaikum. Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata malamar makaranta a Damagaram, wadda ta rubuto tana neman bayani kan yadda ƙagaggun labarai ke nuna masu sauya jinsi, da kuma ko batun ya taɓa shiga adabin Hausa.

To Malama, marubutan Turai sun daɗe da taɓa wannan batu. A shekarar 1928 marubuciyar Ingila Virginia Woolf ta fitar da littafin Orlando, inda tauraron labarin ya yi barcin kwana bakwai a birnin Santambul yana namiji, ya farka yana mace. Sauyin kansa bai ɗauke ta dogon bayani ba. Abin da ta fi tsayawa a kai shi ne abin da ya biyo baya, wato suturar da Orlando ta canza, da yadda maza suka soma yi mata magana, da shari'ar da ta taso a kan dukiyarta bayan ta koma gida.

A Najeriya kuwa, littafin Jude Dibia na 2005, Walking with Shadows, ya bi rayuwar wani magidanci a Legas bayan asirinsa na neman maza 'yan'uwansa ya tonu ga matarsa, shekara tara kafin dokar 2014 da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi.

Mu a ƙasar Hausa wanda muka fi sani shi ne ɗan daudu, kodayake ba daidai yake da wanda likita ya yi wa aikin sauya jinsi ba. Fina-finanmu kan kawo shi ne domin ban dariya, yana tafa hannu, yana karairaya, yana zuba habaici, sannan a kore shi ko ya tuba kafin fim ya ƙare. A ganina nan ne marubutanmu suka yi ƙwauron tawada, domin duk wanda ya taɓa cin abinci a tashar mota ya san ɗan daudun da ke tashi tun asuba ya hura wuta, ya soya kaji, ya ƙirga cinikin yini, kuma da dama daga cikinsu suna da mata da 'ya'yan da suke ciyarwa da kuɗin wannan tukunya.