Sharhi: Tsadar Rayuwa a Turkiyya, Tsakanin Ɗan Gari da Baƙo

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau ya leƙa Turkiyya ne, ƙasar da 'yan kasuwarmu da ɗalibanmu da masu neman magani suka mayar tamkar ƙofar gida.

A ƙarshen shekarar 2021, lokacin da kuɗin ƙasar, wato lira, ya faɗi warwas, garin Edirne da ke bakin iyaka ya cika maƙil da motocin safa daga Bulgariya. Mutane su tsallako da safe, su cika jakunkuna da man girki da sabulu da tufafi da kayan zaƙi, da yamma su koma gida suna murnar sun ci kasuwa. A daidai waɗannan makonni kuma, a birnin Santambul, tsofaffi 'yan fansho ne ke bin dogon layi cikin sanyin hunturu a gaban rumfunan burodin hukumar birni, don kawai burodin can ya ɗan fi na gari sauƙi. Arahar da baƙo ya yi ta yabo, daga aljihun waɗannan tsofaffi aka cire ta.

Ga yadda abin ya faro. Shugaba Rajab Tayyib Erdogan ya daɗe yana da ra'ayin cewa yawan kuɗin ruwa shi ke haddasa hauhawar farashi, saɓanin abin da galibin masana tattalin arziki suka tafi a kai. Babban bankin ƙasar ya bi wannan ra'ayi, ya yi ta zaftare kuɗin ruwa daga kashi 19 cikin ɗari a 2021 har zuwa kashi 8.5 a farkon 2023. Hukuncin kuɗin ruwa a addini magana ce ta malamai, ba ita ta tara mu ba. Abin da ba a musu a kai shi ne jama'a sun guje wa lira sun koma ɓoye dala da zinari. A 2021 kaɗai lira ta rasa kusan kashi 44 cikin ɗari na darajarta. Dalar da ake saye a kan lira bakwai da ɗoriya a farkon 2021, ta haura lira 30 a farkon 2024. A watan Oktoban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin ɗari a lissafin hukuma, wata ƙungiyar masana mai zaman kanta da ake kira ENAG kuma ta ce abin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Amma inda takalmin ya fi matsa wa talaka shi ne wurin kwana. Abinci ana iya rage shi, a bar nama a koma wake da taliya. Haya fa? Tun a watan Satumban 2021 ɗaliban jami'a suka fara kwana a kan bencinan wuraren shaƙatawa don nuna wa duniya cewa ɗaki ya fi ƙarfinsu. Sai yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, dubban mutanen ƙasashen biyu suka kwararo Antaliya, birnin yawon buɗe ido da ke bakin teku, da kuɗin waje a hannu. Sai girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 ta hallaka mutum sama da dubu 50, ta raba miliyoyi da muhallansu, su ma suka shiga neman haya. Mai gida ya duba ya ga abin da baƙo zai biya shi a mako guda ya kusa abin da malamin makaranta ke biya a wata. Me kuke zato zai yi? Gwamnati ta ƙayyade ƙarin haya kada ya wuce kashi 25 cikin ɗari a shekara, daga tsakiyar 2022 zuwa tsakiyar 2024, amma sai masu gidaje suka koma neman dalilin tayar da tsohon ɗan haya don su zuba wa sabo farashin da suka ga dama. Kotuna suka cika da shari'ar mai gida da ɗan haya. Ma'aikacin otal da ke gyara wa baƙo shimfiɗa a bakin teku, shi kansa ba shi da halin kama ɗaki a garin da yake aiki, kuma wannan abin takaici ne ƙwarai.

To, shi ma baƙon bai daɗe yana shan romon ba. Bayan zaɓen 2023 aka naɗa Mehmet Simsek ministan kuɗi, aka juya akala, kuɗin ruwa ya hau har kashi 50 cikin ɗari a watan Maris na 2024. Faɗuwar lira ta yi sauƙi, amma farashin kaya bai tsaya ba. Ma'ana, mai riƙe da dala ya daina samun ƙarin lira da yawa a wurin canji, alhali kuɗin otal da na abinci da na tasi sai hawa suke yi. Daga watan Janairun 2024 kuma, baƙon da ya je kallon masallacin Ayasofya da ke Santambul, ba don salla ba, sai ya biya yuro 25. Turawan da suka saba zuwa saboda sauƙi suka fara ƙorafi. Kai, har su Turkawan da ke da ɗan hali suka gane cewa cin kifi a tsibiran Girka ya fi musu araha a kan garuruwansu na bakin teku irin su Bodrum. Da Girka ta buɗe musu bizar mako guda a tsibirai goma cikin watan Afrilun 2024, sai jiragen fito suka riƙa cika da su. A cikin watan ne kuma aka yi gangamin ƙaurace wa gidajen abinci da na shayi na kwana biyu a faɗin ƙasar.

Namu mutanen fa? Hajiyar da ke zuwa unguwar Laleli ta Santambul saro dogayen riguna da takalma da labule, duka biyu ta sha. Nairar da take canzawa ta karye tun tsakiyar 2023, daga wajen 460 a kan dala a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024, can kuma ta tarar kaya da masauki sun tashi ko da dalar aka auna su. Duk abin da ta ƙara biya, a kan mai saye a Kantin Kwari ko kasuwar Wuse zai sauka.

Duk da haka, ban yarda a auna wahalar baƙo da ta ɗan gari da mudu ɗaya ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Idan Turkiyya ta yi wa Bajamushe tsada, baɗi sai ya nufi Masar ko Girka. Hajiya ma tana iya karkata zuwa Sin ko Dubai. Ɗan fanshon da a farkon 2024 mafi ƙarancin abin da ake ba shi lira dubu 10 ne a wata, ina za shi? Shi ne za ka gani a layin gidajen abincin da hukumar birnin Santambul ta buɗe, inda a 2024 ake sayar da cikakken abincin rana a kan lira 40, yana tsaye tun kafin a buɗe ƙofa.

Ban kuma ga laifin baƙo ba. Bai karya lira ba, kuma kuɗin da yake kawowa, sama da dala biliyan 60 a 2024, da shi ƙasar ke sayo makamashi daga waje. Alhakin yana wuyan masu mulkin da suka yi wasa da darajar kuɗi, suka kuma yi ta sayar da takardar zama ɗan ƙasa ga duk baƙon da ya sayi gidan dala dubu 400, a lokacin da 'ya'yansu ke neman ɗaki. An dai yi doka, wadda ta fara aiki a farkon 2024, cewa ba a ba da gida hayar 'yan kwanaki sai da lasisi da amincewar sauran masu gidaje a benen. Mataki ne mai kyau, sai dai ya zo a makare, kuma bai taɓa albashi ba. Da aka shiga 2025, an ƙara mafi ƙarancin albashi da kashi 30 cikin ɗari zuwa lira 22,104, alhali farashin kaya a shekarar da ta gabace ta ya tashi da kashi 44.