Ranar da Na Ce Likita ne

Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sannunku da ƙoƙari, musamman ku da kuka taso daga aikin dare kuka zo nan ko runtsawa ba ku yi ba.

Da sakatare ya ce ni zan yi magana a kan shaidar bishara, sai da na ce masa a nemi wani. Dalilin da ya sa na faɗi haka shi ne jawabin nawa na yau.

Da yawanku kun san ni tun ina shan giya. Shekara 11 na yi a ciki. A zaune a nan akwai waɗanda suka taɓa ɗauko ni daga bakin titi cikin sanyi, akwai wanda na ci bashinsa na riƙa sauya hanya in na hango shi. Matata ta sha kuka. Ubangiji ya cece ni, yau shekara 6 rabona da kwalba. Amma bakina bai buɗe ba.

Wani dare, wajen ƙarfe 3, muna ɗakin hutu a wurin aiki, wani abokin aikina ɗan ƙasar nan ya zauna kusa da ni. Na ga hannunsa yana rawa, har sau biyu mabuɗi yana suɓuce masa. Na san wannan rawar, ni ma na yi ta. Ya rage murya ya ce ya ji labarin na daina, yaya aka yi? Na dube shi na ce likita ne ya tsorata ni. Gaskiya likita ya yi mini magana, amma ba shi ya same ni durƙushe a banɗaki ina kiran sunan Yesu ba. Mutumin ya gyaɗa kai, ya tashi ya koma bakin aikinsa. Abin da ya ɗaure mini harshe wata murya ce a zuciyata da ta ce, kai ɗin wa? Hausawa suka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kazar ta daɗe da barin aljihuna, amma tsoron bai bar ni ba.

Na san ba ni kaɗai ba ne. Wata aurenta ne ya mutu, wani ya taɓa zaman gidan yari, wani abin nasa daga shi sai Allah.

To, mu duba waɗanda Ubangiji ya aika. Ranar da aka jajjefe Istifanas, a gaban wani saurayi Shawulu masu jifan suka ajiye tufafinsu. Shi ne ya karɓi wasiƙu daga babban firist ya nufi Dimashƙu don ya ɗauro masu bi, maza da mata. Da ya tuba, Hananiya, wani mai bi a Dimashƙu, ya ji tsoron zuwa wurinsa, masu bi na Urushalima ma suka ƙi sakin jiki da shi sai da Barnaba ya tsaya masa. Abin da ke taɓa ni shi ne, Shawulun nan, wato Bulus, bai taɓa binne wannan tarihin ba. Ya faɗe shi a gaban taron jama'a a Ayyukan Manzanni 22, ya maimaita a gaban Sarki Agaribas a sura 26. A 1 Timoti 1:15 da 16 ya kira kansa babban masu zunubi, ya ce an yi masa jinƙai ne don a ga iyakar haƙurin Almasihu a kansa, na baya su ɗauki misali. Wato laifin da ya isa ya rufe masa baki, shi ya zama hujjarsa.

Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau 3 a dare ɗaya. Bayan mako 7 ya miƙe a Urushalima, birnin da ya yi musun, ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya.

Amma wanda ya fi kama da mu yana Markus 5. Mutumin da yake kwana a makabarta, yana tsinka sarƙa, yana yanka jikinsa da duwatsu. Da aka warkar da shi, ya roƙi Yesu ya bar shi ya shiga jirgi ya bi shi. Wa zai ga laifinsa? Yana so ya tafi inda ba a san shi ba. Yesu ya ƙi. Ya ce ya koma gida wurin mutanensa ya gaya musu abin da Ubangiji ya yi masa. Ya tafi ya zaga Dikafolis, wato yankin garuruwa goma, yana faɗa, jama'a suna mamaki, don sun san ko shi wane ne jiya. Mu da muke baƙunta, jirgin nan ya ɗauko mu. Muna iya shekara 20 a nan ba wanda ya san komai game da mu, mu kira shi rufin asiri. Wani lokacin rufin asiri ne kam. Wani lokacin kuwa alherin Allah muke rufewa.

A nan sai na ja kunnenmu. Gabagaɗi daban, rashin kunya daban. Zakka mai karɓar haraji, da ya karɓi Yesu, bai tsaya a murna ba, ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa riɓi 4. Ni ma sai da na je na biya ɗan'uwan nan bashinsa, na nemi gafararsa, kafin na iya kallon idonsa. Kada kuma shaida ta koma tallan zunubi, ko tona asirin wani da bai ba ka izini ba. Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu amsa wa mai tambaya, amma cikin tawali'u da ladabi. Ba a ce mu takura wa kowa a wurin aiki ba.

Bayan wata 2 na sake samun abokin aikin nan a ɗakin hutu. Zuciyata tana bugawa, na ce masa amsar da na ba shi ranar nan rabi ce. Na faɗa masa sauran, bai fi minti 5 ba. Bai ce ya ba da gaskiya ba, har yau bai ce ba. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko zan yi masa addu'a. Na yi, a nan kan benci, muryata tana rawa. Yanzu wani lokaci yakan kira ni in dare ya yi masa tsawo.

Iyayenmu, ina roƙonku ku sa shi a addu'ar rufe taro, Ubangiji ya san sunansa. Shugaba, na gode.