Yawon Ƙafa da Yara a Bakin Tafki da Gefen Daji

(An kwafo daga faifan laccar da wani tsohon ma'aikacin gandun daji ya yi wa iyaye da malamai a wata makaranta a ƙasar Bebeji.)

Assalamu alaikum. Na baya can kuna ji na? To madalla. Mai girma Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Malam shugaban makaranta, iyayena mata, 'yan'uwa, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana a kan fita da iyali yawon ƙafa, bakin ruwa ko gefen daji. Na ga wasu sun fara murmushi. Na san abin da ke ransu: mutumin da ya wuni a gona za ka ce wa ya fita yawon ƙafa? (Dariya.) Gaskiyarku. Amma ku dubi yaran da ke tasowa. Daga gida sai makaranta, daga makaranta sai wayar babansu. Abu huɗu zan faɗa: inda za a je, lokacin da za a je, abin da za a riƙe, sai abin da za a kiyaye.

Na farko, wuri. Ku kam Allah ya hutar da ku. Ga Tiga nan a bayanku, madatsar da aka fara ginawa a 1971 aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ne ake noman rani da shi a Kadawa da Kura da Bunkure. Ga tafkin Bagauda. Idan ka bi Kogin Kano ka yi kudu, can wajen Tudun Wada da Doguwa, ka shiga Falgore, wanda tun zamanin Turawa aka killace shi, daga baya ya zama gandun namun daji. Falgore dai zan faɗa muku gaskiya, ba wurin da mutum zai kwashi 'ya'yansa ya kutsa ba ne. Ya sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Sai ka tambayi ma'aikatan gandun da masu unguwannin gefen, in sun ce a dakata, ka dakata. A Jigawa akwai tafkin Wawan Rafi a Kazaure, akwai duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen dā, akwai fadamar Baturiya a Kiri Kasamma, wadda a 2008 aka sa ta cikin dausayin da duniya ke karewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Da hunturu tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su sauka a can.

A ƙasashen Turawa sukan share hanya, su kafa alluna, su rubuta wannan ta yara ce, waccan ta masu ƙarfi ce. Mu ba mu da allo, amma hanya ai muna da ita. Hanyar masunta zuwa bakin ruwa, burtalin shanu, 'yar siririyar hanyar da mata ke bi zuwa kasuwa. Zaɓe kawai za ka yi. Ka zaɓi mai inuwa, marar hawa da gangara sosai, wadda ba ta nisa da gari. Kuma awon tafiyar ba ƙafarka ba ce, ƙafar autanka ce. In ɗan shekara biyar ne, kilomita biyu zuwa da dawowa sun isa. Ka ƙara a kan haka, to ka shirya goyo. Malam mai jar hula yana dariya, da alama ya taɓa goyawa.

To a nan nake so ku ba ni aron kunnuwanku. Idan kun fita, don Allah kada ku yi sauri. Ba kasuwa za ku ba. Duk bishiyar da kuka zo wucewa, ka tsaya ka tambayi yaro, mece ce wannan? Ku gwada yau da yamma. Yaron da zai lissafa maka 'yan ƙwallon Sifaniya har da na benci, ka nuna masa marke ya ce maka darbejiya ce. Komai darbejiya ne a wurinsa, don ita ce a ƙofar gida. Ita kuwa baƙuwa ce, daga Indiya aka kawo ta.

Ku ɗauki gawo. Gawo fa abin mamaki ne. Da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi kore shar, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara. Da rani, kowa ya bushe, sai ya fito da nasa. Shi ya sa iyayenmu ba sa sare shi a gona: ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zuba taki ne, shanu su kwanta a inuwarsa da rani su bar kashi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Ka tsayar da yaro a gindin gawo ka ce masa, me ya sa hatsin nan ya fi na can tsawo? Ka bar shi ya yi tunani. Kada ka yi saurin ba shi amsa. Mu iyaye matsalarmu ke nan, ba ma iya yin shiru.

Ɗorawa. Yaro yana shan miya da daddawa kullum, bai san daga kalwa take ba, bai san kalwa ƙwayar ɗorawa ce ba. Ka ɓare masa ɗaya, ya lashi garin nan rawaya, ka ce masa ɓawon nan da ka yar shi ne makuba, da shi kakarka take daɓen ɗaki. Aduwa: allon da yake karatu da shi, galibi itacen aduwa ne. Kaɗanya, man kaɗe. Kuka, ganye miya, ɓawo igiya, 'ya'ya a dama a sha. Kanya tana nuna da hunturu, ɗinya da kaka. Sabara kuwa iyayena mata sun fi ni sani, masu jego ba sa rabuwa da ita. Ko ba haka ba, Hajiya? Ta ce haka ne.

Ina nanatawa, ku tsaya. Ku bar yaro ya taɓa ɓawon maɗaci, ya ɗan ɗanɗana ya yamutse fuska. Daga ranar ba zai sake manta maɗaci ba. Na yi shekaru ina bin masu sare itace suna yin gawayi, kuma abin da na lura shi ne, wanda ya san sunan bishiya da amfaninta hannunsa yakan yi nauyi kafin ya ɗaga gatari. Wanda bai sani ba, duk itace buhun gawayi ne a idonsa. Marke da ƙirya su suka fi shan wahala, don gawayinsu ya fi ƙarko. Ku da kuka haura hamsin, ku tuna yadda hanyar Tudun Wada take a da, ku dubi yadda take yanzu.

Kuma ba uba kaɗai ba. Ku tafi da kaka in tana iya takawa. Ita ce ta san wane ganye ake ci, wane ne ba a ci. 'Yan mata ma a tafi da su, kada a ce su zauna wanke-wanke. Su ne gobe za su koya wa nasu.

Haka tsuntsaye. A bakin Tiga za ku ga balbela, ku ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi, ku ji kukan kirinjijiya. Shamuwa kuwa in ta iso, yaro ya san damina ta ƙarato. A bar danƙo a gida. Na ce a bar danƙo a gida, yaran da ke leƙe ta taga, da ku nake.

Ina muke? Na uku ko? A'a, lokaci ban faɗa ba. To a gurguje. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, ciyawa ta kwanta, rana ba ta yi zafi ba. A fita bayan an yi kalaci da sassafe, a dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Ranar da hazo ya yi yawa, mai asma ya zauna a gida. Maris da Afrilu ku haƙura. Abin riƙewa: ruwan sha fiye da yadda kake zato, ƙuli-ƙuli ko dabino, takalmi rufaffe saboda ƙaya da ƙarangiya, hula, sanda. Ka gaya wa wani a gida inda kuka nufa. Gonar mutane a kewaye ta, garken Fulani a yi sallama a ba shi hanya, leda a dawo da ita gida.

Na ƙarshe, na biyar ke nan ko na huɗu, abin kiyayewa. 'Ya'yan cin-da-zugu da na zurma guba ne, yara suna ɗauka gyaɗa ce. Ruwan tumfafiya kada ya shiga ido. Kada yaro ya zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, nan kububuwa da kunama suke. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wa tamau. A hana shi motsi, a ɗauke shi sai asibiti. Na ga hannu a can. Bismillah, Hajiya.

(Wata mata ta ce yaranta ba bishiya ke kai su Tiga ba, wanka ne, ko akwai laifi?)

Allah ya saka da alheri, Hajiya, wannan ta fi duk abin da na faɗa. Akwai laifi, har biyu. Ɗaya nutsewa. Ruwan dam ba rafi ba ne, gefensa yakan zarce lokaci ɗaya, ƙasansa laka ce, kuma magudanar noman rani tana da ja, ga gefenta da santsi. Babba ma yakan kasa fita. Ɗayan kuwa tsargiya. Tsutsarta a jikin ƙananan katantanwa take girma, a ruwan da ba ya gudu sosai, wajen ciyayi. Ba sai yaro ya sha ba, ta fata take shiga. Ya tsaya a ruwa zuwa gwiwa ma ya isa. Bayan wani lokaci sai ki ga jini a ƙarshen fitsari. Wasu har yanzu cewa suke alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, ciwo ne, kuma in ya daɗe yana lalata mafitsara, ya taɓa ƙoda, ya rage wa yaro jini. Maganinsa ƙwaya ce, praziquantel, wadda akan raba a makarantu, ana auna tsayin yaro a ba shi daidai da shi. In an zo rabawa kada ku hana, amma ya ci abinci tukuna. Kuma shan maganin ba ya hana a sake kamuwa in an koma ruwan.

Yaran nan naki su nawa ne? To ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, don kunya ba za ta bar su su faɗa a gaban juna ba. Wanda ya ce ya ga jini, gobe ki kai shi asibiti a duba fitsarin.