Gonar da Gwamnatin Amurka ke Biya Don Kada a Noma Ta

Ku dubi wannan fili. Ciyawa ce tsaye har gwiwa, babu alkama, babu dawa, ko sawun tarakta babu. Amma duk watan Oktoba sai kuɗi sun shiga asusun mai shi daga gwamnatin tarayyar Amurka. Gwamnati ce ta ɗauki hayar gonar, da sharaɗin kada a noma ta.

Nan gundumar Baca ce, a kudu maso gabashin jihar Colorado, inda aka ɗanɗana kuɗar zaizayar ƙasa. An kafce ciyawar da ke riƙe ƙasa aka zuba alkama, sai fari ya sauka a shekarun 1930, iska ta dinga kwashe gonaki tana tafiya da su. Ranar 14 ga Afrilu, 1935, guguwar ƙura ta mai da rana dare a wannan yanki. A wancan zamani zanen gado mutane ke jiƙawa su rataya a taga don yara su samu numfashi.

Shekara 50 bayan haka, a 1985, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar noman da ta kafa shirin CRP, na barin gonaki masu rauni su huta. Mai gona zai je ofishin hukumar FSA na gundumarsa, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Noma, ya gabatar da filinsa da kuɗin hayar da zai karɓa a kan kowace eka. Hukumar ta ba filin maki bisa haɗarin zaizaya, amfaninsa ga ruwa da namun daji, da kuma arahar tayin. Wanda ya dace sai a ƙulla yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15, a biya masa har rabin kuɗin shuka ciyawa ko itatuwa. Hayar da mutum ɗaya zai karɓa ba ta wuce dala 50,000 a shekara.

To, sai dai fa ba kowane mai gona ba ne manomi. Wani ya tsufa, wani gadon filin ya ci yana zaune a birni. Ga irin waɗannan, hayar gwamnati kuɗi ne tabbas, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Wanda ke ji a jikinsa shi ne matashin da ke neman gonar haya, don yanzu da gwamnati yake takara. Kuma gonar da ba a noma ba ta sayen taki, ba ta gyaran inji, ba ta kai hatsi sito, don haka ciniki kan ja baya a ƙananan garuruwa. Shi ya sa doka ta ce kada filin da ke cikin shirin ya zarce kashi 25 cikin 100 na gonakin gunduma ɗaya, sai da izini na musamman. A 2018 kuma majalisa ta rage hayar zuwa kashi 85 ko 90 cikin 100 na matsakaiciyar hayar gunduma, ya danganta da irin rajistar.

Shirin ya kai ƙololuwa a 2007, da kusan eka miliyan 37. Da farashin masara da alkama ya tashi, masu gonaki da yawa suka jira wa'adinsu ya cika, suka sake sa garma a cikin ciyawar.