Daga Kula da Sabobi zuwa Tsaron Bayanai: Wace Jarrabawa Za Ka Fara?

Assalamu alaikum. Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama. Tun a bakin ƙofa mutum uku suka tare ni da tambaya iri ɗaya: Malam, wane satifiket zan yi in koma ɓangaren tsaro? To, bari mu fara daga abin da ke hannunku, ku masu kula da sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai da manhajojin wurin aiki.

A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da faci, wato gyaran manhaja da ke toshe ɓarakar da cutar ta bi, tun watan Maris. A shekarar dai aka sace bayanan mutum kusan miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka, saboda ba a sa facin wata manhaja mai suna Apache Struts ba. Wa ke sa faci? Ku ne. Wa ke rufe asusun ma'aikacin da ya bar aiki, wa ke gwada kwafin ajiya ya ga ko zai dawo? Ku ne. Aikin tsaro kuka daɗe kuna yi, sunan ne kawai ba a ba ku ba.

Wannan yana da amfani ƙwarai idan aka zo maganar CISSP, jarrabawar ƙwararrun tsaron bayanai ta ƙungiyar ISC2. Suna neman shekara 5 na aiki a fannoni 2 daga cikin 8, kuma digiri yana rage shekara ɗaya. Raba izinin shiga fanni ne, gudanar da tsaro na yau da kullum wani fannin ne, tsaron hanyar sadarwa ma haka. Don Allah, 'yan'uwa, daga yau kowa ya buɗe littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi, da shekarar, da wanda zai shaide shi, domin bayan ka ci jarrabawa sai wani mai takardar ya tsaya maka. Wanda shekarunsa ba su cika ba zai iya zama ya rubuta, a ba shi shekara 6 ya cike. Amma ni ba na ba da shawarar a fara da ita. Tambayoyinta na shugaba ne mai yanke hukunci, kai kuwa hannunka ya saba da gyara.

A fara da Security+ ta CompTIA. Tambayoyi ba su wuce 90 ba, cikin minti 90, ana cin ta da maki 750 cikin 900, kuma tana aiki shekara 3. Wanda ya yi shekara biyu yana riƙe da sabobi zai tarar ya san rabin abin, sauran kuwa sunaye ne da tsari.

Daga nan hanya ta rabu, taura biyu kuma ba ta taunuwa. Mai son zama ɗakin sa ido, yana bin sawun masu kutse, ya dubi CySA+. Mai son binciken tsarin banki ya dubi CISA ta ISACA, bankuna suna girmama ta. Mai son gwajin kutse, to ga OSCP: kusan awa 24 kana fasa injuna da hannunka, sannan wasu awa 24 na rubuta rahoto, maki 70 cikin 100. Matasanmu nan suka fi ɗoki. Ku je, amma sai Linux, manhajar da ke tafiyar da sabobi da yawa, ya zauna muku sosai.

Wani a baya yana cewa CEH fa? Ita ma jarrabawar gwajin kutse ce, amma tambayoyi 125 ne na zaɓi cikin awa 4. Idan tallar aikin da kake nema ta ambace ta, yi ta. In ba haka ba, riƙe kuɗinka, don da dala ake biyan waɗannan jarrabawa, sabuntawa ma da dala. Ka tara tallar aiki goma na kujerar da kake so, ka ƙirga takardar da ta fi fitowa, sannan ka nemi wurin aikinka ya biya maka.

An kira sallah. In mun dawo sai mu ɗauki tambayoyi, in sha Allah.