Kishiyar da ba a biya wa sadaki ba

(Daga rikodin laccar da aka yi wa matasa a wata walimar aure a Anguwan Rogo, Jos. Farkon bai fito sosai ba saboda ƙarar janareta.)

...to ni dai ba zan tsaya nan in ce muku ku goge gem ba, don na san ko na faɗa, kafin mu kai Bauchi Road wani ya sake sauke abinsa. Ni kaina na buga PES, gem ɗin ƙwallon ƙafa, tun ana zuwa shago a biya kuɗi a jira layi, yanzu sun mai da shi eFootball tun 2021, FIFA ma ta koma FC a 2023, suna ne kawai ya canza.

Abinda nake so ango ya gane, da ku abokansa da ke baya kuna ta murmushi, gem ɗin da daban na yanzu daban. Na da in Hajiya ta ƙwala maka kira sai ka danna ka tsayar, ka je aike ka dawo ka same shi inda ka bari. Na intanet ba ya tsayuwa. Ka shiga PUBG, gem ɗin harbe-harbe, mutum ɗari aka zubo daga jirgi a tsibiri ɗaya, ku huɗu ne a tawagarku, wani yana Kano wani Legas wani ma ba ka san ƙasarsu ba, in ba a kashe ka da wuri ba wasa ɗaya sai ya ci kusan rabin awa, kuma kana ajiye wayar an harbe ka, abokai su yi ta zaginka a kunne, makinka ya sauka. Shi ya sa amarya za ta ce ga abinci ka ce mata minti biyar, alhali kai ka san yanzu ma ka diro daga jirgi. Tuwo ya huce, a sanyin Jos ɗin nan kuwa ai ba ya jira. (dariya)

Kuma fa ba wasan ne ke mata ciwo ba. Abinda ke cin ranta, ta ga kun yi da abokanka ƙarfe tara, tara saura biyar ka cika caji ka sa abin kunne, ba ka taɓa makara ba. Ita kuma tun Asabar ta ce a kai ta gida ta gaida Mama kana cewa sai an gani. An yi mata kishiya, ba sadaki ba lefe, kuma kullum kwananta ne.

Masu ƙera abin nan ba wawaye ba ne. Kyautar shiga kullum, in ka tsallake rana ka yi asara, ga sizin, wato zangon gasar, yana ƙarewa, ga kayan sawa na sayarwa, da kuɗin cikin gem, a PUBG da UC, a Free Fire da dayamon. Data ma tun Janairun 2025 da NCC, hukumar sadarwa, ta amince a ƙara kashi 50 kowa ya ji a jikinsa. Wani kuɗin cefane yake tsakura ya saya wa sojansa riga, matarsa tun sallah ba ta ga atamfa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sa matsalar jarabar gem cikin jerin cututtuka, aka fara aiki da shi a 2022. Amma ba duk mai buga gem ba ne mara lafiya, kar a je gida a ce malam ya ce. Alamomin uku ne, ka kasa iko da kanka a kai, ka fifita shi kan sauran lamuranka, kana ganin ɓarnar da yake maka ka ci gaba, kuma abin ya ɗauki kamar shekara. China a 2021 awa uku kacal ta yanke wa yara a sati. Kai magidanci ne, ba gwamnatin da za ta yanke maka.

Ku tuna ƙissar da ke cikin Bukhari. Salman ya ziyarci Abu Darda, Allah ya yarda da su, ya tarar da matarsa ba kwalliya ba komai, ta ce ɗan uwanka ba ruwansa da duniya. Salman ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, Manzon Allah (SAW) ya ce Salman ya yi gaskiya. Wannan fa azumi da sallar dare ne suka ɗauke masa hankali aka yi masa magana. To kai da Call of Duty me za ka ce?

Mata kuma na san kuna jina ta bayan labule. Kar ki fizge waya, kar ki ɓoye caja, faɗa kawai za ki saya. In yana tsakiyar wasa ba ya jinki, bari ya fito, kafin ya danna na gaba nan ne za ki kama shi. Ku zauna da rana tsaka ba lokacin fushi ba, ku yanke, dare kaza a sati, bayan an ci abinci an yi hira, wasa kaza. Ku ƙirga da wasa, kar ku ƙirga da minti, don minti ne ke jawo ƙarya. Kuma wasunku da Ludo King da TikTok kun fi mazan, miya ta sha ƙonewa. In ma Ludon ne ku buga tare mana, ai Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya shi ma ya tsere mata.

Maganar hira da 'yan mata ta makirufon gem da sunan tawaga kuwa, wannan sai mun zauna mu kaɗai maza.

Ango, kwana bakwai ɗin nan na amarya ne. Abokai, kun ji, kar wanda ya turo masa gayyata. Wa ke riƙe da wayarsa ma? Miƙo min nan, ga shi har an fara kiran Magariba.